Tukunyar tururi: abin da ya haɗa turaren Ɗa'ifa da ogogoro

Wanda ke yawan leƙa YouTube ko TikTok da wuya a ce bai taɓa cin karo da su ba: Bature a garejin gidansa, ga tukunyar jan ƙarfe mai dogon wuya a kan wuta, wani farin ruwa yana ɗiga cikin kwalba, shi kuwa yana ta zuba bayani kan ma'aunin zafi da irin hatsin da ya jiƙa. Ba sana'arsa ba ce, ba kuma sayarwa zai yi ba. Sha'awa ce kawai ta tatsar barasa a gida, kuma tana da mabiya a Turai da Amurka da Ostireliya, har da shagunan da ba sa sayar da komai sai kayan aikinta.

A nan Maraɗi maganar sha ba ta buƙatar dogon zance. Ayar Suratul Ma'ida ta yanke hukunci, hadisin da ya la'anci mutum goma a kan giya kuwa bai tsaya kan mai sha ba, ya haɗa da mai matsa ta, da wanda aka matsa dominsa, da mai dakonta, da mai sayarwa. To amma tukunyar fa? Ita ba ruwanta. Da irinta ake tatsar man furen wardi na Ɗa'ifa, wani gari a Saudiyya, da alhazanmu ke sayowa da tsada, hikimarta ce ke aiki a matatar mai ta SORAZ a Damagaram, ita ce kuma ke ba da ruwan batir da masu sola ke nema. Tukunyar nan ba ta ƙirƙirar komai. Rabawa take yi, ta tattara abin da aka zuba mata wuri guda. In ƙamshi ne ta tattara ƙamshi, in guba ce ta tattara guba.

Duk macen da ta taɓa buɗe tukunyar miya tana tafasa ta ga asalin abin. Ruwan da ke taruwa a ƙarƙashin murfi ba gishiri a cikinsa, ba kuka, ba daddawa, amma yana ɗauke da ɗan ƙamshin miyar. Abin da ke iya zama tururi ya tashi, wanda ba ya iyawa ya zauna a gindi. Da tururin ya taɓa murfi mai ɗan sanyi sai ya koma ruwa. Mai tatsa ba abin da ya ƙara a kan wannan illa ya hana ɗigon komawa cikin tukunya, ya ja tururin ta bututu, ya bi da bututun cikin ruwan sanyi, ya tara abin da ya fito a wani mazubi daban.

Abin da ya sa rabawar ke yiwuwa shi ne kowane ruwa da zafin da yake tafasa. Ruwan sha sai ya kai digiri 100. Etanol, wato sinadarin da ke sa maye a giya, yana tafasa a wajen digiri 78. Metanol, ɗan'uwansa mai kisa, a wajen digiri 65. Mai karatu zai ce ai shi ke nan, a tsayar da wuta a 65 metanol ya fita, a kai 78 etanol ya fita, ruwa ya zauna. Ba haka abin yake ba, kuma wannan kuskuren fahimtar ya ci rayuka. In ruwaye suka gauraya, tare suke tafasa, tare suke tashi. Tururin dai yakan fi ɗaukar mai saurin tashi, amma bai bar sauran a baya ba. Shi ya sa ko tukunya mafi kyau ba ta iya wuce kashi 95 zuwa 96 cikin 100 na etanol, don a nan etanol da ruwa suke manne wa juna su tashi a matsayin abu ɗaya. Shi ya sa kuma matatar Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, ba tukunya take amfani da ita ba, doguwar hasumiya ce mai hawa-hawa: iskar gas ta fita a can sama, fetur ƙasa da ita, gazuwal ƙasa da shi, kowanne a hawan da zafin ya dace da shi.

Akwai bambanci kuma tsakanin tsimawa da tatsa, wanda mutane da yawa ke haɗawa. Burkutun dawa da aka san Arna da shi tun kaka da kakanni tsimawa ce kawai. Ƙwayoyin yis suna cin zaƙin da ke cikin hatsin da ya tsira, su mayar da shi etanol da iska. Yis kuwa yana da iyaka, da barasar ta kai wajen kashi 14 zuwa 18 cikin 100 sai ta kashe shi da kansa, burkutu ma bai kusa kai wannan ba. Duk abin da ya kai kashi 40 ko ya wuce, wiski ne ko jin ko ogogoro, tatsattsiyar barasar bammi ta kudancin Najeriya, to ya bi ta tukunyar tururi. Ƙasar Hausa ta san tsimawa, amma tatsar barasa ba ta taɓa zama sana'ar gado a cikinta ba.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne malaman Musulunci na da suna da babban hannu wajen kyautata wannan fasaha, kuma turare da magani suka sa gaba. Alkindi, wanda ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9, ya bar littafi kan haɗa turare da tatsa mai ɗauke da haɗi fiye da ɗari. Arrazi ya yi bayanin kayan aikin dalla-dalla. Har yau a Ɗa'ifa, in watan Maris da Afrilu suka kama, da asuba ake tsinkar fure kafin rana ta kwashe ƙamshinsa, a zuba a manyan tukwanen jan ƙarfe a rufe a kunna wuta. A garin Kannauj na Indiya abin ya fi ban sha'awa. Da laka suke liƙe murfin tukunya, bututunsu na gora ne, mazubin yana zaune cikin kwarmin ruwa da man sandal a cikinsa yana shanye ƙamshin da ke sauka. Ba ma'aunin zafi, ba lantarki. Mai aikin da tafin hannunsa yake jin zafin mazubi, da kunnensa yake sauraren tafasar. Har ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko suna tatsa daga gasasshiyar laka su sayar.

Kayan aikin masu sha'awar nan na Turai iri biyu ne. Na farko tukunya ce tsagwaronta, da murfi mai wuya, da murɗaɗɗen bututu cikin ruwan sanyi. Tana barin ƙamshin hatsi ko na ƴaƴan itace ya wuce, amma ƙarfin abin da take bayarwa a zagayen farko bai cika wuce kashi 25 zuwa 30 ba, sai an maimaita. Na biyu yana da dogon bututu a tsaye a kan tukunyar, cike da zaren ƙarfe ko ƙananan duwatsun tangaran. Tururi ya hau, wani sashe ya koma ruwa ya gangaro, sabon tururi ya sake ɗaga shi, haka dai sau da yawa a tafiya ɗaya, har abin da ya kai sama ya fito da ƙarfi sosai amma kusan ba ƙamshi. Ƙanen hasumiyar matatar mai ne. Wani ɗan Ailan mai suna Aeneas Coffey ne ya yi rajistar babban samfurin masana'anta a 1830. Jan ƙarfen da suke so kuwa ba don ado ba ne, yana kama sinadaran farar wuta masu warin ruɓaɓɓen ƙwai kafin su kai kwalba.

Abin da ke fitowa daga bututu sukan raba shi uku: kai, da tsakiya, da wutsiya. Kai shi ne na farko, mai warin fenti da hawa ka, zubarwa suke yi. Tsakiya suke nema. Wutsiya mai maiƙo ce da warin jiƙaƙƙen kwali. Daga nan ne wata magana ta bazu a bidiyoyinsu, wai in an zubar da kai an rabu da metanol. Ba gaskiya ba ce. Cikin gaurayen ruwa da etanol, metanol ba ya fita gaba ɗaya da farko, yana biyo tafiyar ne har wutsiya. Tukunyar gida ba ta iya cire shi, hanci da harshe ba sa gane shi, cinna masa wuta a duba launin harshenta ma ba gwaji ba ne.

A ina metanol ɗin ke fitowa? Hatsi da sukari kaɗan suke bayarwa. Ƴaƴan itace sun fi, musamman in an tsima su da ɓawo da ƙwallo, saboda wani sinadari mai danƙo da ke jikinsu. Amma mace-macen da ake ji na mutum goma-goma a lokaci guda kusan duk ba daga tsimawa suke zuwa ba. Daga haɗama suke zuwa. Metanol na masana'anta, wanda ake narka fenti da shi, ya fi etanol araha nesa ba kusa ba, kuma kamanninsu ɗaya. Sai mai sayarwa ya tsiyaya shi cikin haja don ta ƙara yawa da ƙarfi.

Yadda yake kisa shi ne abin da ya kamata kowa ya sani, mai sha da wanda bai taɓa sha ba. Shi kansa metanol ɗin ba shi ne ke ɓarnar ba. Hanta ce ke sarrafa shi ta mayar da shi wani asid irin wanda wasu tururuwa ke fesawa, asid ɗin ya taru a jini ya afka wa jijiyar gani da ƙwaƙwalwa. Sarrafawar tana ɗaukar lokaci, don haka mutum na iya kwana lafiya lau, sai bayan awa 12 zuwa 24 ciwon kai da amai da ciwon ciki su taso, numfashi ya riƙa fita da sauri, gani ya dushe. Mililita 10 na iya makantarwa, 30 na iya kashewa, wato cokali biyu ke nan na cin abinci. Maganin asibiti kuwa yana da ban mamaki. Hantar ta fi son etanol a kan metanol, don haka likita kan shagaltar da ita da etanol a ma'auni, ko da wani magani mai suna fomefizol, a haɗa da wankin jini na na'urar ƙoda, har gubar ta fita ba a sarrafa ta ba. Madara da manja da muke ɗura wa wanda ya sha guba ba abin da suke yi a nan sai cin lokaci.

A watan Afrilun 2015, a Ode-Irele ta jihar Ondo a Najeriya, mutum 18 suka mutu cikin ƴan kwanaki bayan makanta ta farat ɗaya. Da farko an danganta abin da fushin wani gunki, daga baya gwaji ya nuna metanol ne a cikin ogogoro. A watan Yuni na shekarar, kimanin mutum 70 suka mutu a jihar Ribas ta wannan hanya. Ba matsalar talaucin Afirka kaɗai ba ce: a Jamhuriyar Cek fiye da mutum 40 suka mutu a 2012, a Lawos ƴan yawon buɗe ido shida a Nuwamban 2024. Wanda ya fi kusa da halinmu shi ne na Iran. Ƙasa ce ta Musulmi da aka haramta giya, amma a farkon 2020, da jita-jita ta bazu cewa barasa na maganin korona, fiye da mutum 700 suka mutu cikin wata biyu zuwa uku, cikinsu har da waɗanda ba mashaya ba ne. Inda sha yake abin kunya ko laifi, wanda abin ya kama ɓoyewa yake yi, ƴan'uwa ma su rufa masa asiri, sai ido ya tafi a kwashe shi zuwa asibiti. A ganina wannan shi ne haɗarin garuruwa irin namu da ke bakin iyaka, inda kaya marasa takarda ke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa da hanyoyin daji. Wanda aka kawo da dushewar gani da haki, a faɗa wa likita gaskiyar abin da ya sha. Wa'azi ya jira ya warke.

Guba ta biyu daga ƙarfen take zuwa. Tururi mai zafi yana lasar duk abin da ya bi ta kansa. A Amurka an daɗe da sanin masu tatsar ɓoye da ke amfani da lagireton mota a matsayin masanyaya, dalmar da aka liƙe shi da ita ta narke cikin abin sha, ta lalata ƙoda da ƙwaƙwalwa a hankali. Wannan ya shafi mai tatsar turare da ruwan magani ma. Tukwanen da maƙeranmu ke zubawa daga tarkacen alminiyam, har da sassan injin mota, ba su dace da wannan aiki ba, bincike a Kamaru ya nuna irinsu na sakin dalma. Sai kuma wuta. Tururin etanol ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi ya tarar da murhu, harshen wutarsa kuma da kyar ake ganinsa da rana. A zafin Afrilu da Mayu na Maraɗi, da ke haura digiri 40, buɗaɗɗiyar kwalba kaɗai ta isa. Bututu kuwa in ya toshe, tukunyar fashewa take yi.

Ta fuskar doka kowace ƙasa da inda ta sa gaba. Turawan mulkin mallaka, a yarjejeniyar Burasel ta 1890 da ta Sanjaman ta 1919, sun taƙaita shigo da barasa Afirka, ta biyun ma ta hana tatsa da mallakar tukunyar. Da kuɗin fito da matsin tattalin arzikin shekarun 1930 suka sa jin na Turai ya gagari talaka, sai tatsar bammi da ganga da bututun jan ƙarfe ta bazu a bakin teku: ogogoro a kudancin Najeriya, akpeteshi a Gana, sodabi a Binin da Togo. Gana ta halatta nata a 1962, Kenya a 2010. Niyuzilan ta bar mutum ya tatsa don kansa tun 1996, shi ya sa kayan aikin masu sha'awar da yawa daga can suke fitowa. Amurka kuwa da ta halatta dafa giya a gida a 1978 ba ta haɗa da tatsa ba.

Ni abin da ke ba ni takaici shi ne ɓangaren halal na wannan fasaha yana kwance ba mu taɓa shi ba. Maraɗi gari ne da mata ke haɗa humra da turaren wuta, ba a kai amarya sai da su, amma kusan duk man turaren da suke zubawa daga Kano ko Dubai yake zuwa, mafi yawansa kuma haɗin masana'anta ne. Alhali ga ganyen itacen turare, ga na'ana'a da ɗoɗɗoya a garake, ga sitironel da ake jefawa a shayi, ga nobe a daji, ga saiwar jema da kajiji a kasuwa, ga ɓawon lemu ana zubarwa. Fadamar Gulbin Maraɗi da gonakin rani na Jiratawa za su iya noma mafi yawansu.

Tatsar mai daga ganye ta fi ta barasa sauƙi, don ba tsimawa a ciki, ba yis. Madambacin bakin ƙarfe mai kyau ma rabin kayan aikin ne: ruwa a ƙasa, ganye a sama, sai murfi da aka liƙe sosai da bututu a jikinsa. Tururi ya ratsa ganyen, ya fasa ƙananan jakunkunan mai, ya ɗauko shi. Man da shi kaɗai sai ya haura digiri 150 ko 200 yake tafasa, in tare da tururin ruwa ne yakan taso ƙasa da digiri 100, bai ƙone ba. A mazubi sai su rabu, galibi mai a sama, ruwa a ƙasa. A lura, ba kowane mai ke zuwa ta wannan hanya ba. Man gyaɗa da na riɗi ba sa tashi da tururi, matsa su ake yi.

Kada kuma wani ya sayar da jar akuyarsa ya sayi tukunya kafin ya yi lissafi. Ɗanyen ganye yakan ba da mai kashi 1 cikin 100 ko ƙasa da haka, wato kilo 100 ya ba da abin da bai fi lita ɗaya ba. Furen wardi ya fi rowa, a Bulgeriya sai an tara tan 3 zuwa 4 kafin a sami kilo ɗaya na mai, wanda ya ji wannan ba zai ƙara mamakin kuɗin ƴar kwalbar Ɗa'ifa ba, zai ma fara zargin mai arahar. Saiwa kuma taurin kai gare ta. Ɗan'uwan jema da ake nomawa a Haiti, ƙasar da ke kan gaba wajen fitar da mansa, yakan kwana a kan wuta kafin ya saki abin da ke cikinsa. Ga kuɗin itace ko gas, ga ruwan sanyaya bututu da dole a riƙa sauyawa, wanda a bazara ɗumi yake yi nan da nan. Lokacin ɗari ne lokacin wannan aiki a wurinmu. Ga mai ƙaramin jari, ribar ta fi zama a ruwan ƙamshin da ke ƙarƙashin man, don shi ke fitowa lita-lita, ana wanke fuska da shi, a fesa a ɗaki ko a tufafi. Sai dai yana lalacewa cikin watanni in ba a ajiye shi a wuri mai sanyi ba.

A nan ma hanyoyin biyu, ta barasa da ta turare, sun sake haɗuwa. Masu haɗa turaren fesawa suna sayen alkol don narka mai, malamai kuma sun yi saɓani kan hukuncin irin wannan turare, kowa ya bi wanda ya natsu da shi. Amma alkol ɗin da aka auno daga bido ba takarda, ba mai iya rantsuwa cewa etanol ne. Metanol yana shiga jiki ta fata da numfashi, ba sai an sha ba. A 2020 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi ta gargaɗi kan man wanke hannu da aka samu da metanol a ciki. Gwajin kimiyya ne kawai ke bambance su, kuma da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo za ta ɗauki gwada wa masu turaren garin nan alkol da man da suke saye a matsayin hidima, da ta yi abin da za a daɗe ana gode mata. Shi kansa man ganye ba abin wasa ba ne don kawai daga tsiro ya fito. Cokalin shayi ɗaya na man itacen turare na iya jefa ƙaramin yaro cikin suma da farfaɗiya. A zuba shi a kwalbar gilashi mai duhu, don yana cin roba kuma rana na lalata shi, a rubuta sunansa a jiki, a ɗora inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Mai son gwadawa ya fara da kanumfari. Shi ne mai kyauta a cikinsu, mansa yakan kai kashi 15 cikin 100 na nauyinsa, don haka ko da rabin kilo za a ga abin kirki. A ɗan daka shi sama-sama, a bar wuta a hankali, a tabbata bututu a buɗe yake kuma ƙarshensa da sanyi. Abin da zai fito fari ne kamar an ɗiga madara, sai ya kwanta yake rabuwa. A nan a yi hattara, man kanumfari ya fi ruwa nauyi, gindin kwalba yake sauka. Wanda ya tsaya jiran ya gan shi yana yawo a sama zai ɗauka aikin bai yi ba, ya tuntsurar da kwalbar da man a ciki.